Bindigar Taufiq da Shanun Malam Hambali

Bara'atu ce kaɗai ta ga abin da idonta. Ranar Talata ce da hantsi, tana kan hanyar kai wa mijinta koko a gona, bayan garin Farin Dutse. An kwana ana ruwa, ƙasa ta yi laushi, duk mai garma ya fita huɗa. Daga nesa ta hango Malam Hambali, dattijon da gonarsa ke gefen tasu, yana bin shanunsa biyu shi kaɗai. Sai wani mutum ya fito daga cikin sabara, fuska naɗe da rawani, ya ɗaga wata irin bindiga da ba ta taɓa ganin mai kama da ita ba, doguwa, kakkaura, da shuɗiyar wuta tana kai-komo a gefenta. Bara'atu ta saki kwanon koko ta kwanta tsakanin kunyoyi tana salati a zuci. Ba ta ji ƙarar harbi ba. Da ta yi ƙarfin halin ɗaga kai, babu mutumin, babu shanun, Malam Hambali na kwance a cikin huɗar da bai ƙarasa ba.

Waɗanda suka taru a kansa sun duba jikinsa kaf, ba jini, ba rauni. Idonsa a buɗe, bakinsa ya karkace, hannun dama ya saki. Rashin jinin nan ya fi jinin tayar wa mutane da hankali. Kafin motar da ta ɗauke shi ta isa asibiti a Birnin Kudu, labari ya riga ya shiga Gwaram cewa ɓarayin daji sun zo da sabuwar bindiga mai shanye ɓarin jiki.

Wajen azahar wani ya tuna da wani bidiyo da ya taɓa yawo a wayoyin samari. Aka nemo shi aka nuna wa Bara'atu. A ciki Taufiq ne, mai gyaran waya a bakin kasuwar Gwaram, yana dariya, riƙe da bindiga mai shuɗiyar wuta. Ta kalla sau ɗaya ta kau da kai, ta ce ita ce.

Ba wanda ya tsaya jin ta bakin Taufiq. Aka ɓalle ƙofar shagonsa, aka farfasa gilashin da yake jera kaya, wayoyin mutane da ke hannunsa suka bi ta cikin taro. Shi kuwa an fasa masa kai, an targaɗa masa ƙafa, kafin Aminullahi shugaban 'yan banga ya fizge shi ya kulle a ofishinsu. An birkice shagon ciki da bai, ba a ga bindigar ba.

A nan ne dagacin Farin Dutse ya aika a kira masa Malam Ishiyaku.

*

Malam Ishiyaku ya haura sittin. Maharbi ne a da, da namun daji suka ƙare ya koma bin sawun dabbobin da aka sace, kuma daga Dingaya har Fagam ba a san wanda ya kai shi ba. Ya iso gonar da la'asar a kan tsohon babur ɗinsa, ya tarar 'yan kallo sun tattake wurin kamar filin kasuwa. Bai yi faɗa ba. Ya roƙi Aminullahi ya tsayar da kowa a bakin hanya.

Abin da ya fara tsayawa a kai karkiya ce, itacen da ake ɗora wa shanu a wuya. Tana ajiye a kan kunya, igiyoyinta duka suna tare da ita, an kwance su ɗaya bayan ɗaya, ko guda ba a yanka ba. A cikin sabarar ya ga inda mutum ya daɗe a tsugune sanye da takalmin ruwa, kusa da wurin kuma ya tsinci wani ɗan abu na roba mai ruwan goro, kamar murfin kwalba, da alamar ɓamɓaro shi aka yi da ƙarfi. Ya jefa shi a aljihu.

Daga nan ya yi da'ira mai faɗi har ya kama sawun shanun a inda 'yan kallo ba su kai ba. Suka bi shi da Aminullahi ta gefen gonakin gero, suka tsallake wani ƙaramin rafi. A wani wuri mai laka Malam Ishiyaku ya tsuguna ya daɗe yana kallon ƙasa, har Aminullahi ya gaji da tsayuwa. Ya aro tsohuwar tasa a wata gona, ya kife ta a wurin, ya danne da duwatsu. Da aka tambaye shi mene ne, ya ce kada ruwa ya wanke.

Sawun ya ɓace a kan wani falalen dutse, dab da hanyar mota. A gefen hanyar ga shatin tayar babbar mota.

"Shi ke nan," in ji Aminullahi. "A nan aka loda su. Yanzu haka suna Kano."

Malam Ishiyaku ya ce rana ta yi sanyi, a koma gari.

*

Ya tarar da Taufiq a zaune a ƙasa a ofishin 'yan banga, an ɗaure masa kai da ƙyalle. Saurayi ne ɗan shekara ashirin da takwas. Malam Ishiyaku ya sa aka kawo masa ruwa, ya zauna kusa da shi, ya ce ya ba shi labarin bindigar tun daga farko.

Taufiq ya ce ba bindiga ba ce, roba ce. Tun yana yaro yake son finafinan Turawa na yaƙin sararin samaniya, sai ya ji akwai wani a Kano mai na'urar da ke narka roba tana zuba ta layi bisa layi har abu ya tashi da siffarsa. Ya sa aka buga masa irin bindigar da ake riƙewa a finafinan nan. Ta zo a kwali, gutsattsari talatin da huɗu, kowanne da lambarsa, da takarda mai hotuna da ke nuna wanda zai shiga cikin wane.

Da ya fara bayanin aikin sai muryarsa ta ɗan daidaita. Ya ce robar tana zuwa da layi-layi a jikinta kamar saƙar tabarma, dole sai an goge kowane gutsure da samfefa irin ta kafintoci, a fara da mai kaushi a ƙare da mai laushi. Wata biyu ya yi yana wannan, duk lokacin da ba mai kawo waya. Sannan ya manne su da gam, ya cike tsagogin da ƙullun da masu gyaran jikin mota ke amfani da shi, ya sake gogewa. Ya fesa fenti toka-toka, ya fesa baƙi, ya bi gefe-gefe da ruwan azurfa. Wutar gefen kuwa ƙananan ƙwayaye ne ya jera a ciki, ya haɗa su da batirin tsohuwar waya. Da ya gama sai ya ga ta yi sabunta da yawa, kamar kayan wasan yara, don haka ya kankare bakin fensir ya murza garin a jikinta, ya shafa mata man takalmi a lungu-lungu, har ta koma kamar ƙarfen da ya sha hannu.

"Da na bar ta da ƙyallinta, Baba," in ji shi, "da ba wanda zai ji tsoronta."

Malam Ishiyaku ya fito da ɗan abin nan mai ruwan goro ya ɗora a tafin hannunsa. Taufiq ya zuba masa ido, bakinsa a buɗe. Ya ce wannan a bakin bindigar yake, shi da kansa ya manne shi. Takardar ta ce alama ce da ke nuna wa kowa abin wasa ne, kada a kuskura a cire.

"Wa ya san haka ban da kai?"

Ya yi tunani. Ya ce Iliyasu direba, wanda ya kawo masa kwalin daga Kano, don a gabansa ya karanta takardar. Sai kuma abokinsa Abdurra'uf, wanda kan zo ya taya shi guga ranar kasuwa. Bindigar a buhu take, rataye a ƙuryar shago, rabonsa da duba ta tun Juma'a.

"Wane Abdurra'uf?"

"Ɗan Malam Hambali. Amma shi cire shi, Baba. Mahaifinsa ne fa a kwance. Kuma sati uku ke nan yana Birnin Kudu wajen jinyar mahaifiyarsa, sai jefi-jefi yake leƙowa ya yi cajin waya."

Aminullahi, da ke tsaye a bakin ƙofa, sunan Iliyasu kawai ya ji. Iliyasu na da babbar mota, kuma yana dakon shanu.

*

Washegari da safe aka tare Iliyasu a tasha. Bayan motarsa duk kashin shanu ne, tayarsa kuma ta yi daidai da shatin da ke bakin falalen dutse. Mutanen da jiya suka rantse Taufiq ne, yau suka ce dama biyu ne, ɗaya ya ƙera, ɗaya ya ɗauka.

Iliyasu ƙato ne mai saurin fushi, bai kuma taimaki kansa ba. Ya zagi 'yan bangan, ya zagi Taufiq da kwalinsa, ya ce tun ranar da ya ga abin da ke ciki ya gaya masa wannan wasa ba na ƙasar nan ba ne. Ya amsa cewa ya tsaya a bakin dutsen, amma ranar Litinin ce da yamma, buhunan taki ya sauke wa wani. Shanun da ya ɗauka kuwa na wani Alhaji ne, tun Lahadi. Ranar Talata da hantsi yana ina? Yana ƙarƙashin mota shi kaɗai yana fama da birki, ba shi da shaida.

Malam Ishiyaku ya ja Aminullahi gefe. Ya ce shatin tayar nan duk ɗigon ruwan sama ne a kansa, ruwa kuwa daren Litinin aka yi shi, ke nan motar ta bar wurin tun kafin a taɓa shanun. Aminullahi ya ce shi bai ga wani ɗigo ba, kuma ko ya gani ba zai saki mutum yanzu ba, gari zai cinye shi. Malam Ishiyaku ya ga da gaskiyarsa a nan, ya ce to a riƙe shi, amma kada wanda ya taɓa shi.

Ya hau babur ya koma falalen dutsen shi kaɗai. A kan dutse kofato ba ya barin sawu, amma yana barin ƙarzuwa, kuma sa ba ya tafiya mai nisa bai yi kashi ba. Sannu a hankali ya gane shanun ba hanya suka nufa ba, sun juya ne ta cikin duwatsu wajen Fagam. Ya bi har rana ta take tsaka, gwiwarsa na ciwo. Ƙarshe ma ba ido ne ya kai shi ba, kunne ne. Ya ji kukan sa daga cikin wani kwazazzabo.

Suna nan su biyu, ja da fari, a inuwar wata ɗorawa. An ɗaure su da sabuwar igiya mai tsawo yadda za su kai ga wani ɗan tafkin ruwa, an kuma yanko musu ciyawa an tara, sun cinye ta tas tun jiya. Da ya matsa, jan ya sunkuyar da ƙaho ya yi huci, dole ya ja da baya. A cikin wata tsagar dutse ya ga bakin buhu. Ya jawo, ga takalman ruwa, ga rawani, ga bindiga.

Ya san roba ce, an gaya masa, amma sai da gabansa ya faɗi. Da ya ɗaga ta kuwa, ba ta fi busasshiyar ƙwarya nauyi ba. Ya tsaya da ita a hannu yana tunanin mutumin da ke kwance a Birnin Kudu.

*

Bai gaya wa kowa ba sai dagaci. Aka tura mutum biyu amintattu su kai wa shanun ciyawa su tsare wurin, shi kuma ya kama hanyar Birnin Kudu.

Malam Hambali na ɗakin maza, an sa masa ruwa a hannu. Idonsa na bin mutane, amma magana ta ƙi fita. Kusa da gadon wani saurayi ne siriri a zaune, idonsa ya yi ja, ya gaida Malam Ishiyaku da ladabi ya ce shi ne Abdurra'uf. Yana nan tsaye saurayin ya ɗebo ruwa a cokali ya kai bakin mahaifinsa. Dattijon ya juya fuska ga bango. Da 'yarsa Ma'u ta karɓi cokalin, ya sha.

Ma'u ta rako Malam Ishiyaku waje. Matar aure ce mai 'ya'ya biyu, ta baro gidanta ta tare a asibiti, kuma da alama ta daɗe tana neman wanda za ta faɗa wa abin da ke ranta. Ta ce yanzu uwa na ɗakin mata, uba na ɗakin maza. Innarsu A'i wani ƙari ne a cikinta, likitoci sun ce sai an yi aiki, kuma kada a ja lokaci. Abin da gidan ya mallaka da zai iya ɗaukar aikin shanun nan ne kawai. Sun roƙi Baba ya sayar, ya ce a bari a gama huɗa, wanda ya sayar da shanu a farkon damina ya sayar da abincin shekara. Yaya Abdu ya durƙusa masa har sau uku. Shi Yaya Abdun ya fi kowa jin zafin rabuwa da shanun, don shi ya rene su tun suna maruƙa, amma ya ce ran Inna ya fi.

"Ga shi yanzu ba shanun, ba Baban," ta ce, ta share ido da gefen mayafi.

Ya tambaye ta yadda suka ji labarin. Ta ce ita kaɗai ce a nan lokacin da aka kawo shi. Yaya Abdu ya fita tun Litinin da rana neman taimako wajen 'yan uwa, bai dawo ba sai Talata bayan azahar, ya tarar da abin da ya faru. Tun daga lokacin ko abinci bai ci ba.

Malam Ishiyaku ya yi mata addu'a. Ya ce ta gaya wa yayanta ya zo Farin Dutse gobe da hantsi, an ga shanu, ana son ɗan gida ya karɓa.

*

Ranar Alhamis ƙofar gidan dagaci ta cika. An zo da Taufiq yana ɗingishi, an zo da Iliyasu yana cika yana batsewa, ga wani sajan na 'yan sanda da littafinsa. Tun da sassafe Malam Ishiyaku ya kai dagaci da sajan inda ya kife tasa. Ya kuma sa an share filin da ke tsakanin zaure da wata tsamiya, an yayyafa masa ruwa, an hana kowa takawa.

Aka kawo shanun da kyar, mutum huɗu na ja. Aka shimfiɗa buhu aka ɗora bindigar a kai, taron ya ja da baya kamar an ajiye maciji. Abdurra'uf ya iso a kan ɗan acaɓa, ya gaida dagaci, ya tsaya a gefe.

Malam Ishiyaku ya sa aka cire wa shanun igiya. Ya ce wa Iliyasu, tunda shi ma'abocin shanu ne, ya shige gaba ya kai su gindin tsamiya, ba sanda, ba igiya. Iliyasu ya yi tsaki ya matsa yana kiransu. Jan san ya kafa ƙafa ya kaɗa ƙaho, Iliyasu ya yi tsalle ya koma cikin mutane, wasu suka yi dariya. Aka ce Taufiq ya gwada. Ya ja ƙafa ya wuce ta gabansu, ko kallonsa ba su yi ba.

"To, Abdurra'uf," in ji Malam Ishiyaku, "rana na dukansu. Kai su inuwa."

Saurayin ya taka ya nufi tsamiyar, bai kira su ba, bai ko waiwaya ba. Farin ya bi shi, jan ya bi farin, suna tafe a natse har gindin itacen.

Malam Ishiyaku ya ɗaga hannu kada kowa ya motsa. Ya kira dagaci da sajan da Aminullahi, ya nuna musu ƙasar da aka jiƙa. Sawun takalmin Abdurra'uf na nan, kofaton shanun ya hau kansa ya danne shi.

"Ranka ya daɗe, abin da na nuna muku ƙarƙashin tasa ke nan," in ji shi. "Ɓarawo korar shanu yake yi, yana baya da sanda, sawunsa ne ke hawa kan nasu. Ko kuma ya ja su da igiya suna turjewa, ƙasa ta nuna. Daga gonar Malam Hambali har falalen dutse ban ga turjiya ba, ban ga inda ƙafar mutum ta hau kofato ba ko sau ɗaya. Igiyoyi kuma an bar su a gona. Mutumin gaba ya shiga, suka bi shi. Shanun nan mutum biyu suke bi a duniya. Ɗaya na kwance a asibiti."

Wata tsohuwa ta fara salati ta kasa ƙarasawa. Taufiq ya kalli abokinsa, ya kalli Malam Ishiyaku, yana girgiza kai, yana jira a ce kuskure ne.

Abdurra'uf bai yi musu ba. Ya zauna a ƙasa tsakanin shanun, farin na shinshinar wuyansa. Ya ce ranar Litinin ya ɗauki buhun, lokacin da Taufiq ya bar masa shago ya tafi sallar la'asar. Da ya kwance shanun daga turke a gida, shi za a fara zargi, shi ya sa ya so a ce 'yan daji ne. Niyyarsa ya ɓoye su kwana biyu, ya kai wata kasuwa mai nisa, ya ce wa kowa wani bawan Allah ne ya taimaka da aikin Inna.

"Na ɗauka zai gudu," ya ce. "Kowa ya ga bindiga gudu yake yi."

Sajan ya tambaye shi me ya faru da bai gudu ba.

"Tsayawa ya yi yana kallona. Ban yi magana ba, fuskata a rufe. Sai ya ce, Abdu? Sannan ya faɗi."

"Ka ji ya kira sunanka, ka ga ya faɗi," in ji dagaci a hankali, "ka kuma tsaya ka kwance shanun?"

"Na ce suma ce, zai farfaɗo."

Mutanen da shekaranjiya suka fasa shago a kan zato, yau ga mai laifi a gabansu ya amsa da bakinsa, amma ba wanda ya ɗaga hannu. Sun tsaya kawai suna kallonsa. Iliyasu ma, da ya zo da zagi a baki, ya nemi dutse ya zauna.

*

Kwana tara bayan haka harshen Malam Hambali ya ɗan saki, sajan ya je ɗaukar bayaninsa. Ya tafi da Malam Ishiyaku, da Taufiq a matsayin wanda aka ɗauke wa kaya. Ma'u ta tallafo mahaifinta ya jingina da filo. Sajan ya karanta masa abin da ɗansa ya amsa, ya tambaye shi ko haka aka yi.

Dattijon ya daɗe yana kokawa da bakinsa, miyau na zuba Ma'u na gogewa.

"Ni na ba shi," ya ce.

Sajan ya matso ya ce bai ji ba. Ya sake tambaya, ya ambaci bindiga, ya ambaci rawani.

"Shanuna ne. Ni na ba shi. A sayar, a yi wa A'i aiki."

Ya rufe ido. Sajan ya dubi Malam Ishiyaku. Malam Ishiyaku ya san abin da ƙasa ta nuna masa, ya kuma san dattijon ya san ya sani. Ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Sajan ya daɗe da biro a hannu, sannan ya rufe littafin.

Suka fito harabar asibiti, Taufiq na dogara sanda. A hanya ya ba Malam Ishiyaku labarin yadda yake ciki. Masu wayoyin da suka ɓace kullum suna ƙofar gidansu. Ya je wajen dagaci da wajen Aminullahi a kan waɗanda suka fasa shagon, duk wanda aka kira sai ya ce shi ranar yana gona. Wasu ma cewa suke yi ai shi ya jawo, wa ya aike shi ƙera abin tsoro. Abdurra'uf ya aiko masa da saƙon neman gafara ta bakin Ma'u, bai ba da amsa ba tukuna.

Da suka iso inda aka ajiye babur, Taufiq ya tsaya.

"Baba, shi mahaifinsa ya ce shi ya ba shi. Ni wa zai ce shi ya fasa mini kai?"

Wurin da mutum ɗari suka tattake ba ya da sawu, kuma su biyun sun san haka. Malam Ishiyaku ya tayar da babur ɗin, ya karɓi sandar ya riƙe masa, ya jira har Taufiq ya ɗaga ƙafar mai ciwo ya zauna daidai, sannan suka kama hanyar Gwaram.